Gwaiwa Ba Ta Hana Noma Idan An Je Asibiti

A Ruwan Bago ta ƙasar Rogo, kamar sauran ƙauyukan Karaye, noma aikin sunkuyo ne. Manomin da marainansa suka kumbura kuwa ba ya iya jan garma yini guda. Kunya ta kan sa ya ɓoye, har damina ta wuce gona ba noma.

Ga yadda abin ya ke. Kowane ɗan maraina yana cikin wata riga mai ruɓi biyu, da ɗan ruwa kaɗan a tsakani. Idan ruwan ya yi yawa, ita ce gwaiwar ruwa. Wani lokaci kuma ɗan ƙullutu ne mai ruwa, kamar ƙwayar gyaɗa, ya kan fito jikin rigar. Duka biyun ba ciwon daji ba ne. Likita ya kan haska tocila, haske ya ratsa ruwan. Amma ƙullutu mai tauri da haske ba ya ratsawa, wannan lalle a gaggauta.

A ƙasarmu sau da yawa tsutsar da sauro ke sa wa mutum ce sanadi, watau mai kawo tundurmi. Tun 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ke yaƙi da ita.

Kada a bar wanzami ya huda. Ruwan ya kan komo, miki kuma ya ruɓe. Ƙaramin aikin tiyata ke raba mutum da ita, kamar a Asibitin Murtala Muhammad na Kano. Bayan kaka ya fi, don a warke kafin sharar gona.