Fim A Kan Almajiri Shaida Ne, Shaida Kuwa Amana Ce



Dattawanmu da suka yi wayo tun kafin samun mulkin kai a 1960 ba su manta da motar majigi ba, wadda ke zuwa ƙofar fada ko filin kasuwa, a kafa farin ƙyalle bayan sallar isha'i, a nuna wa jama'a tsabtar gida da rijiya da dabarun noma, ga mai fassara yana bayani da Hausa. Tun a 1939 Turawan Ingila suka kafa sashe na musamman domin shirya wa ƙasashen da suke mulka irin waɗannan finafinai. A wancan zamani hukuma ce ke riƙe da na'urar ɗaukar hoto, talaka kuwa nasa kallo. Yau abin ya juya, domin wayar da ke aljihun ɗan tireda tana ɗaukar abin da motar majigi ba ta iya ɗauka ba. Daga cikin bayin Allah da aka fi auna wa wannan na'ura a ƙasar Hausa har da almajiri. Baƙi daga Turai sun ɗauke shi, gidajen talabijin sun ɗauke shi, ƙungiyoyin neman taimako sun ɗauke shi, kuma kusan kullum siffa ɗaya ake fito da ita: yaro da ƙazamar riga da roba a hannu, yana leƙen tagar mota.

Kafin mu yi nisa, tilas a taɓa maganar da mai karatu zai fara tambaya, wato hukuncin hoto. Malamai sun yi saɓani a kansa tun da na'urar ta shigo ƙasashen Musulmi. Akwai waɗanda suka tsananta, suka yarda da shi a wurin lalura kaɗai, kamar hoton fasfo na tafiya aikin Hajji. Akwai kuma waɗanda suka sauƙaƙa, irin su Shaihu Muhammadu Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar, ya rasu a 1935. Shi ya rubuta risala yana mai bayanin cewa hoton na'ura tsare inuwar abin da Allah ya riga ya halitta ne, saboda haka hukuncinsa dabam yake da na sassaƙa gunki. Wanda ya bi masu tsanantawa ya huta da sauran bayani. Amma wanda ya bi masu sauƙaƙawa, ya sani halaccin na'ura bai halatta masa duk abin da ya ga dama ya yi da ita ba.

Dalili kuwa shi ne, fim na gaskiya, wato wanda ake ɗaukar mutane da al'amuransu don a bayyana wa duniya halin da suke ciki, shaida ne. Mai shirya shi ya tsaya gaban dubban jama'a yana cewa ga abin da ya gani. Shari'a kuwa ba ta bar shaida sakaka ba. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarci muminai da tsayar da adalci a wajen shaida ko da a kan kawunansu ne ko iyayensu, ko wanda ake magana a kansa mawadaci ne ko matalauci. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a cuci mutane cikin jahilci, aya ta 11 ta hana izgili, ta 12 kuma ta hana mummunan zato da binciken asirin mutane da giba. Duk wanda ya ɗauki na'ura ya nufi tsangaya, waɗannan ayoyi suna bisa wuyansa.

Akwai wani aiki da aka yi a Kano a 2011 wanda ya cancanci a yi nazarinsa. Wata Bajamushiya mai suna Hannah Hoechner, tana ɗalibar Jami'ar Oxford a lokacin, ta zauna tana bincike a kan makarantun allo. Da taimakon ofishin cibiyar al'adun Jamus ta Goethe a Kano, aka zaɓi almajirai tara daga makarantun allo na Jihar Kano, aka koya musu sana'ar fim, aka damƙa musu na'ura. Su suka tsara labarin, su suka ɗauka, su suka fito a ciki, suka sa masa suna Duniya Juyi Juyi. An gina shi a kan siffar wasan kwaikwayo, amma abin da ke cikinsa daga rayuwarsu suka ɗebo shi: yaron da mahaifinsa ya kawo birni karatu, da yadda yake neman abinci da aikin gida, da irin mutanen da yake gamuwa da su, na kirki da na banza. Daga baya, a 2018, matar ta fitar da littafi a kan bincikenta a maɗaba'ar Jami'ar Cambridge.

Abin lura a nan shi ne abin da yaran suka zaɓa su nuna da na'ura ta shiga hannunsu. Ba su ɓoye yunwa da wahala ba. Amma sun nuna allo da tawada da zaman karatu, sun nuna kansu a matsayin masu neman ilmi da suka bar gida saboda wata manufa, kuma sun nuna cewa wulaƙanci yana yi musu ciwo kamar yadda yunwa ke yi. Wannan kuwa magana ce da mai ɗauka daga tagar mota ba zai taɓa jin ta ba.

Daga wannan misali da waɗancan ayoyi za mu iya fitar da sharuɗɗa huɗu ga mai niyyar irin wannan aiki.

Na farko, izini. A nemi yardar malamin makaranta, a nemi ta iyaye in ana iya kaiwa gare su, a nemi ta yaron kansa, bayan an bayyana masa inda hoton zai je. Yaro ɗan shekara bakwai bai san cewa abin da aka sa a intanet yana iya bin sa har ranar da zai nemi aure ba. Naira ɗari da aka miƙa masa don ya tsaya a ɗauke shi ba ta zama izini.

Na biyu, cikar shaida. Mai fim yakan ɗauki sa'o'i masu yawa, sa'an nan ya koma ɗaki ya yanke ya haɗa har abin ya dawo sa'a guda ko ƙasa da haka. A wannan ɗaki ne ƙarya take shiga, ko da kowane hoto gaskiya ne. Yinin almajiri yana farawa da karatun asuba, akwai wanke allo da rubutu, akwai biyawa gaban malam, akwai karatun dare, akwai hutun Alhamis da Juma'a da manyansu ke fita neman na sabulu. Wanda ya yanke duk wannan ya bar bara kaɗai ya yi shaidar zur. Haka nan wanda ya nuna gwani yana rubuta Alƙur'ani da ka, ya yanke ƙolo mai kwana a shago ba mayafi cikin hunturu, ko mai ƙazuwa da ba a kai shi asibiti ba, shi ma ya tauye shaida. Son addini ba hujja ba ne na ɓoye cuta.

Na uku, rarrabe tsakanin tona asiri da kai ƙara. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa ranar ƙiyama. Amma Imamun Nawawi a cikin Riyadus Salihina ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, daga ciki akwai kukan wanda aka zalunta zuwa ga mai ikon share masa hawaye, da neman taimako don kawar da abin ƙi. Saboda haka in akwai mai azabtar da yara da sunan horo, bayyana aikinsa ga hukuma taimakon addini ne. Fuskar yaron da aka zalunta kuwa, da sunansa da garinsu, waɗannan a rufe su.

Na huɗu, a mayar da fim ga waɗanda aka ɗauka su gani kafin a kai shi duniya. In suka ce an juya maganarsu, a gyara. In aka sami kuɗi da shi, a san rabonsu.

Yanzu kuma sai mu juyo gare ku, ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, domin wannan magana ta fi shafarku fiye da masu na'ura. Almajirin da ke cikin fim ba a wata ƙasa yake ba. Shi ne mai share ƙofar kantinka a Kantin Kwari, shi ne mai ɗebo ruwa da wanke-wanke a gidanka, shi ne wanda uwargida ke aike kasuwa alhali 'ya'yanta suna makaranta. Da za a ba shi na'ura ya ɗauki yininsa a gidanka, me za a gani? Tuwon da aka zuba wa 'ya'yan gida za a gani a robarsa, ko wanda ya kwana ya yi tsami? Da sunansa ake kiransa, ko "kai almajiri" kawai? Ranar da ya kwanta zazzaɓi, an tambayi inda yake? Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗi kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa. Hadisin Abu Zarri kuma ya yi umarni a ciyar da mai hidima daga abin da ake ci, a tufatar da shi daga abin da ake sawa, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Hukuma ta yi nata yunƙuri. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, aka gina wasu a jihohi dabam dabam. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar ƙasa mai kula da ilmin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Ma'aikacin da takardar irin wannan shiri za ta biyo ta teburinsa, ya kamata ya tambayi kansa ko ya taɓa zama ya saurari almajiri ɗaya har ya kai aya. Attajirin da ke ƙorafin cewa baƙi suna ɓata mana suna a finafinansu, ya tuna cewa kuɗin baƙi ne ya sa na'ura a hannun yaran nan tara. Abin da ake kashewa a walimar buki ɗaya zai iya koya wa gardawan wata tsangaya wannan sana'a, su faɗi gaskiyarsu da bakinsu, da sharuɗɗan da muka ambata.

Mai ɗauka da mai biya da mai kallo, kowa za a tambaye shi a kan abin da ya gani da abin da ya yi bayan ya gani. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da karɓarta, ya jiƙan malamanmu, ya shirya mana zuriya, amin.