Tambayoyin da Jama'a Ke Yi wa Google: Yadda Ake Karanta Su a Jadawalin Kwamfuta

Duk wanda ya buɗe wayarsa ya rubuta "yadda ake duba sakamakon JAMB" ko "maganin kurajen fuska" a Google ya yi tambaya ne, kuma tambayar ba ta ɓacewa bayan ya rufe wayar. Ana ƙirga ta tare da sauran irinta. Mai shafin intanet zai iya ganin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su iso shafinsa, da adadin waɗanda suka gan shi suka wuce ba su shiga ba. Wannan jerin kalmomi da lambobi shi ne abin da za mu duba a wannan makon, domin a cikinsa ne mai rubutu yake gane abin da jama'a ke nema ba su samu ba.

Mu da muke jami'a mun lura cewa yawancin ƙannenmu na sakandare sun san Excel ne a darasin kwamfuta kawai, inda ake jera sunayen 'yan aji a haɗa makinsu. Wannan ilimin da kuka raina shi ne dai ake amfani da shi a gidajen jarida da kamfanonin talla wajen yanke shawarar abin da za a rubuta gobe.

Daga ina lambobin suke fitowa?

Google yana da wata manhaja kyauta mai suna Search Console, wadda kafin shekarar 2015 ake kira Webmaster Tools. Duk mai shafin intanet, ko na makaranta ne ko na ƙungiyar ɗalibai ko na shagon ɗinki, zai iya yin rajista da ita bayan ya tabbatar wa Google cewa shafin nasa ne. Daga nan za ta riƙa nuna masa lambobi huɗu a kan kowace kalmar bincike.

Na farko shi ne bayyana, wato sau nawa shafin ya fito a sakamakon bincike. Na biyu shi ne dannawa, wato sau nawa aka taɓa shi aka shiga. Na uku shi ne kason dannawa, wanda ake samu idan aka raba dannawa da bayyana. Na huɗu shi ne matsayi, wato ko shafin yakan fito na ɗaya ne ko na bakwai ko na talatin a jerin sakamakon. Manhajar tana ajiye bayanan watanni 16 da suka wuce, kuma tana da maɓallin sauke su zuwa Google Sheets ko Excel. Idan aka sauke ta wannan maɓallin, layi 1,000 na sama kawai ake samu.

Me ya sa sai an kai su jadawali? Domin a can ne mutum yake da ikon jerawa, da tacewa, da haɗa abin da ya kamata a haɗa. Irin wannan manhaja ta fara ne da VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979 a Amurka. Bricklin ɗalibi ne a sashen kasuwanci na Jami'ar Harvard lokacin da tunanin ya zo masa. Excel ya biyo baya a 1985, Google Sheets kuma a 2006. Dukkansu tsarinsu ɗaya: layuka a kwance, ginshiƙai a tsaye, da gurabe inda suka haɗu. Google Sheets yana aiki a waya, saboda haka rashin kwamfuta ba zai hana ku gwadawa ba.

Tambaya kafin lissafi

Wanda ya buɗe layi dubu ba tare da tambaya a ransa ba zai kalli lambobi ne kawai har idonsa ya gaji. Tambayar da ta fi amfani ga mai farawa ita ce: wace kalma ce mutane ke nema da yawa, suna ganin shafinmu, amma ba sa shiga?

Bari mu ƙaddara cewa ƙungiyar ɗaliban wata makaranta tana da shafi inda take sa darussa da Hausa. Lambobin da za mu kawo na misali ne. A ginshiƙin A akwai kalmomin bincike, a B dannawa, a C bayyana. A gurbin D2 sai a rubuta =B2/C2, a ja dabarar zuwa ƙasa, a mai da ita kaso cikin ɗari. Sannan a jera layukan daga mai yawan bayyana zuwa mai ƙaranci.

A ce kalmar "karin magana da ma'anarsu" ta bayyana sau 4,000, an danna sau 40, matsayinta kuma 9. Kalmar "tarihin makarantarmu" ta bayyana sau 60, an danna sau 30, matsayinta 1. Mai gaggawa zai yi murna da ta biyu, tunda rabin waɗanda suka gani sun shiga. Amma aikin yana wajen ta farko. Mutane dubbai suna neman karin magana, shafin yana can ƙasan jerin, kuma ɗaya cikin ɗari ne kawai ke shiga. Idan aka faɗaɗa darasin, aka sa misalai, aka gyara kanunsa ya yi daidai da abin da ake nema, har kason ya kai 3 cikin ɗari, dannawa za ta tashi daga 40 zuwa 120. Darasin tarihin makaranta kuwa ko kowa da kowa ya danna, ba zai wuce 60 ba.

Matsayi yana taimakawa wajen gane inda matsalar take. Shafin da yake na biyu ko na uku amma ba a danna shi, galibi kanunsa ne bai ja hankali ba, ko kuma bai amsa tambayar da aka yi ba. Wanda yake na ashirin kuwa, mutane ƙalilan ne suke sauka har su kai gare shi, don haka sai an inganta abin da ke ciki.

Matsalar da ta shafi Hausa

Akwai wani aiki da mai nazarin bincike da Hausa zai yi wanda na Turanci bai cika damuwa da shi ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba kowace waya ce take da su a buɗe ba, kuma ba kowa ne ke da haƙurin nemo su ba. Wani zai rubuta "ƙwallon ƙafa", wani "kwallon kafa", wani "k'wallon k'afa". Haka "addu'a" da "addua" da "adu'a". A jadawali kowace ɗaya za ta zo a layinta daban da 'yan lambobinta, har mutum ya ɗauka ba mai neman abin, alhali idan aka tara su sun fi kowace kalma yawa.

Maganin shi ne a buɗe sabon ginshiƙi na tsabtacewa. Dabarar SUBSTITUTE tana musanya harafi da wani: =SUBSTITUTE(A2,"ƙ","k") za ta mai da kowace ƙ ta zama k. Ana maimaita haka ga ɗ da ɓ da alamar hamza. Dabarar TRIM kuma tana cire sararin da ya yi yawa tsakanin kalmomi. Bayan haka sai a yi amfani da SUMIF a tara lambobin duk layukan da suka zama iri ɗaya. A kula, wannan don ƙirge ne kawai, ginshiƙin asali a bar shi yadda yake. Cire lanƙwasa yana iya haɗa kalmomin da ba ruwansu da juna: "ƙasa" da "kasa", ko "ɓata" da "bata". Saboda haka sai an bi da ido an karanta.

Wani lokaci kuma, idan aka buɗe fayil irin na CSV kai tsaye a Excel, haruffan nan sukan rikiɗe su koma wasu alamomi marasa ma'ana. Fayil ɗin bai lalace ba. A shigo da shi ta hanyar zaɓar tsarin rubutu na UTF-8, ko a buɗe shi a Google Sheets.

Tarko huɗu

Na farko shi ne matsakaicin kaso. A ce darasi ɗaya ya bayyana sau 10 an danna sau 5, wato kashi 50. Wani ya bayyana sau 1,000 an danna sau 20, wato kashi 2. Idan aka haɗa 50 da 2 aka raba biyu, za a samu 26, kuma wannan amsa ba daidai ba ce. Hanyar gaskiya ita ce a tara dannawa duka, 25, a raba da bayyana duka, 1,010. Amsar ba ta kai kashi 2 da rabi ba. Kwamfuta ba za ta yi muku gargaɗi ba, abin da kuka umarce ta shi za ta lissafa.

Na biyu shi ne lokaci. Neman sakamakon WAEC da NECO yana tashi ne a makonnin da ake sakin sa, sannan ya kwanta. Wanda ya kwatanta watan saki da watan da ya biyo baya zai ɗauka shafinsa ya mutu. Ya fi dacewa a kwatanta wata da takwaransa na bara, kuma a nan ne watanni 16 ɗin suke da amfani. Amma azumi da Sallah ba sa bin wannan ƙa'ida, domin shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Mai shafin girke-girken buɗa baki sai ya kwatanta makon farko na Ramadan da makon farko na Ramadan ɗin bara, ko da sun faɗo a ranaku daban. Ƙari a kan haka, Search Console yana yanke ranakunsa da agogon yammacin Amurka, wanda Najeriya da Nijar suke gaba da shi da awa 8 ko 9. Binciken da aka yi da asubar Juma'a a Kano zai faɗa cikin lissafin Alhamis.

Na uku shi ne abin da ba a nuna ba. Google yana ɓoye kalmomin da mutane ƙalilan ne suka nema, domin kare sirrinsu. Shi ya sa idan kuka tara dannawar duk kalmomin da ke jadawali, jimillar takan gaza wadda aka rubuta a saman rahoton. Ba kuskuren lissafinku ba ne. Kuma rahoton ba ya nuna sunan wanda ya yi bincike.

Na huɗu shi ne ɗaukar bincike a matsayin hujjar abin da ke faruwa. A 2008 Google ya ƙaddamar da wani shiri mai suna Flu Trends, da nufin hasashen yaɗuwar mura mai zafi ta hanyar ƙirga masu binciken alamominta. A farkon 2013 hasashensa a Amurka ya kai kusan ninki biyu na abin da hukumar lafiyar ƙasar ta tattara daga asibitoci, kuma a 2015 aka daina wallafa shi. Mutum yana iya neman bayanin cuta don ya ji labarinta a rediyo, ba don tana damunsa ba. Lambar tana gaya mana cewa an yi tambaya. Dalilin tambayar kuwa sai an nemo shi ta wata hanya.

Idan ba ku da shafi fa?

Akwai wurare biyu da kowa zai iya samun bayanai na gaske ba tare da rajistar komai ba. Na ɗaya shi ne Google Trends. Ku rubuta kalma, ku zaɓi Najeriya, ku zaɓi shekara biyar, sannan ku sauke fayil ɗin. Ku tuna cewa lambobinsa daga 0 zuwa 100 suke, kuma ba adadin mutane ba ne. Ɗari tana nufin lokacin da neman kalmar ya kai ƙololuwa a tsawon da kuka zaɓa, hamsin kuma rabin haka.

Na biyu shi ne Wikipedia ta Hausa. Gidauniyar Wikimedia tana da manhaja mai suna Pageviews Analysis da ke nuna sau nawa aka buɗe kowace maƙala a kowace rana tun daga Yulin 2015, kuma ana iya sauke lambobin. Wannan ƙirgen masu karatu ne, ba na kalmomin bincike ba, amma dabarun jadawalin duk ɗaya ne.

Ga aikin da muke ba ku shawara ku gwada da abokai biyu ko uku. Ku nemi kalmar "JAMB" a Google Trends, ku sauke ta, ku zana jadawalin layi da kanku. Kafin ku kalli zanen, kowa ya rubuta a takarda watannin da yake zaton layin zai tashi, da dalilinsa. Sannan ku kwatanta da lokutan rajista, da na jarrabawa, da na fitar sakamako. Daga nan ku ƙara "WAEC" a gefenta ku ga inda suka haɗu da inda suka rabu. A ginshiƙin ƙarshe ku rubuta jimla ɗaya tak ta abin da kuka gano, da jimla ɗaya ta abin da lambobin ba su isa su tabbatar ba.

Dalilin da ya sa muka damu da wannan shi ne, masu jin Hausa miliyoyi ne, amma sau da yawa mai neman bayanin lissafi ko kimiyya ko cike fom da Hausa yakan ƙare a shafin Turanci, ko a wanda bai amsa tambayarsa ba. Duk layin da ya nuna bayyana da yawa da dannawa kaɗan, yana iya zama darasin da har yanzu ba a rubuta shi yadda ya kamata ba. Ƙungiyar Hausa ko ta 'yan jarida a makarantarku za ta iya ɗaukar irin waɗannan layuka guda biyar a zangon karatu ɗaya, ta raba wa mambobi, kowa ya rubuta amsa mai kyau malami ya duba. Bayan wata uku sai a sake sauke lambobin, a ajiye su kusa da na farko, a ga wane darasi ne ya motsa.