Ɗan Riƙo Tsakanin Miji da Mata

A ƙasar Hausa ba sai an cike takarda ake karɓar ɗan riƙo ba. Ko dai an yi rasuwa, ko aure ya mutu, ko wata ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, sai dangi su zauna su ce wance ta ɗauki wane. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini 'ya'yan dangi.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko bakin maigida da uwargida ya zo ɗaya. Galibi yaron jinin ɗayansu ne. In ɗan ƙanin miji ne, matar ta tsawata masa, sai a ce don ba ita ta haife shi ba; ta kawar da kai, a ce ta ƙi shi. In ɗan yayarta ne, kuɗin makaranta kaɗai ya isa ya ta da ƙura. Shi kuwa yaron, da ya riga ya rabu da gida ɗaya, ko murya aka ɗaga sai gabansa ya faɗi.

A Amurka, inda hukuma ke damƙa yara ga masu riƙo, Jami'ar Jojiya ta koyar da irin waɗannan ma'aurata darussa masu suna ELEVATE, waɗanda suka haɗa zamantakewar aure da horon natsuwa. Jon Kabat-Zinn ne ya shigar da wannan horo asibiti a 1979, a Jami'ar Massachusetts: mutum ya bi numfashinsa, ya lura da abin da ke tasowa a ransa kafin ya buɗe baki. John Gottman, da ya daɗe yana nazarin ma'aurata a Seattle, ya nuna cewa in bugun zuciya ya haura 100 a minti ana cikin gardama, kunne ya daina ji. Shawararsa a rabu na aƙalla minti 20, sannan a dawo kan maganar.

Musulmi ya san wannan daga hadisi, inda aka umarci mai fushi ya zauna in yana tsaye. Amma zaman shawara tsakanin miji da mata ne ya yi ƙaranci. Kafin yaro ya iso ya kamata su biyun su yanke wa zai hukunta shi, wa zai biya makaranta da magani, da kuma yaushe zai riƙa zuwa ganin mahaifiyarsa in tana raye.