Lepski a Gyaɗi-Gyaɗi: Waiwaye a kan Littattafan Paradise City na James Hadley Chase

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi wani rukunin littattafai da samarin Kano suka daɗe suna karantawa, amma masu nazarin adabi ba su cika kula da shi ba. Dalilin rashin kulawar a fili yake: littattafan ba da Hausa aka rubuta su ba, kuma ba su cikin waɗanda ake saka wa ɗalibai a jarrabawa. Duk da haka ina ganin wanda yake son ya fahimci yadda ɗan boko Bahaushe na shekarun 1970 da 1980 ya koyi son ƙagaggen labari, ba zai tsallake sunan James Hadley Chase ba. Ya kamata in faɗa tun da wuri cewa ni ba ɗan kallo ba ne a wannan magana. Na fara karanta mutumin nan ina ɗan sakandare a unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi, ban kuwa daina ba har furfura ta fito.

A wancan zamani littafi guda yakan zaga unguwa kaf. Wani ya sayo tsoho a Sabon Gari, ya wuce hannun abokinsa a Hausawa, ya kwana biyu a Kundila, ya dawo Tarauni bangonsa ya rabe. Mukan naɗe bangon da tsohuwar jarida, domin hotunan matan da kamfanin Corgi yake bugawa a kai ba abin da yaro zai shiga da shi zauren mahaifinsa ba ne. Babbar masifa ita ce littafi ya iso maka shafin ƙarshe ya ɓata. Sai ka bi layin waɗanda suka riga ka karantawa kana tambaya yadda aka ƙare.

Sunansa na yanka René Lodge Brabazon Raymond. An haife shi a Landan a 1906, ya rasu a ƙasar Suwizalan a 1985. Littafinsa na farko, No Orchids for Miss Blandish, ya fito a 1939, ya kuwa tayar da ƙura saboda zubar da jinin da ke cikinsa, har George Orwell ya yi sharhi a kansa a 1944. Ya bar littattafai wajen 90. Abin mamaki shi ne yawancin labaransa a Amurka suke faruwa, alhali shi Baturen Ingila ne wanda bai taɓa zama a can ba in ban da gajeriyar ziyara. Da taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya gina duniyarsa. Ke nan Amurkar da muka sani a Gyaɗi-Gyaɗi ta hannu biyu ce: wani baƙo ne ya ƙago ta, mu kuma baƙi muka karɓa.

Daga cikin wannan tari, waɗanda nake nufi su ne na Paradise City, wani ƙagaggen birni da ya kafa a bakin teku a jihar Fulorida, kusa da Miyami. Jerin ya fara da The Soft Centre a 1964, ya ci gaba har zuwa ƙarshen rayuwar marubucin, watau kimanin shekara 20. Birnin na attajirai ne, masu jiragen ruwa da gidajen caca da manyan otal-otal. A gefensa akwai Seacomb, unguwar talakawan da ke yi musu bauta. Duk wani ɓarawo mai dogon buri a Amurka can yake nufa, kamar yadda ƙuda ke bin zuma.

Masu tsaron birnin su ne suka mai da littattafan jeri guda. Akwai shugaban 'yan sanda Frank Terrell, mutum mai natsuwa. Akwai Saje Joe Beigler wanda ba ya rabuwa da kofin gahawa, da Fred Hess mai kula da shari'o'in kisa, da Max Jacoby. Sai kuma Tom Lepski, ɗan sandan ciki, wanda da farko ƙaramin tauraro ne, amma sannu a hankali ya mamaye jerin. Lepski ba gwani ba ne irin na almara. Mutum ne mai cika baki, mai saurin fushi, mai kwaɗayin ƙarin girma, yana ji a ransa babu ɗan sanda kamarsa a Fulorida. A waje 'yan iska na tsoronsa, a gida kuwa matarsa Carroll ce ke juya shi. Ita ce mai ƙona abinci, mai sa shi yankan ciyawa, mai yi masa gorin muƙami. Mun yi dariyar wannan gida ƙwarai, wataƙila don mun san irinsa a bayan katangarmu.

A nan ne ya kamata a bambance tsarin Chase da na magabatansa. Labarin binciken laifi irin na Arthur Conan Doyle, wanda ya fito da Sherlock Holmes a 1887, ko na Agatha Christie da Poirot daga 1920, kacici-kacici ne. An yi kisa, ba a san mai yi ba, mai bincike ya tattara alamu, a babin ƙarshe ya tara jama'a ya nuna mai laifi. Chase ya juya wannan tsari. Tun daga babin farko mai karatu yana zaune tare da masu laifi, yana jin shirinsu, ya san sunan kowa da rabon da aka yi masa alkawari. Tambayar da ke jan mai karatu ita ce ta ina shirin zai ɓalle. A cikin The Way the Cookie Crumbles na 1965, wani wada mai hidima a gidan abinci, Ticky Edris, ya ƙulla yadda za a yashe bankin da ake cewa ba ya fasuwa. A Well Now, My Pretty na 1967 gidan caca aka nufa. A Want to Stay Alive? na 1971 wani saurayi jinin Indiyawan daji, Poke Toholo, ya ɗauki fansar wulakancin da attajirai suka yi wa mutanensa ta hanyar sayar musu da tsoro. Duk shirin nan babu wanda hikimar Lepski ita kaɗai ta rusa. Abin da ke rusa su daga cikin gida yake fitowa: wani ya ci amanar abokinsa, wani mace ta ɗauke masa hankali, wani zuciyarsa ta buga a lokacin da bai kamata ba. Lepski yakan iso ne ya tarar da ginin ya riga ya tsage.

Ina ganin wannan ne sirrin karɓuwar littattafan a wurinmu. Bahaushe ya saba da labarin da ya san ƙarshensa tun farko. Ya san rana dubu ta ɓarawo ce, ɗaya ta mai kaya, ya san kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Wanda ya tashi da labaran ɓarayi na cikin Magana Jari Ce, ko Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, ko Jiki Magayi, ba a buƙatar a koya masa cewa alhaki yana bin mai shi. Daɗin labarin a wurinsa shi ne kallon yadda za a bi a isa can. Chase ba mai wa'azi ba ne, bai kuma damu da tarbiyyar kowa ba, amma ƙashin bayan labarinsa ya yi daidai da wanda muka gada. Har ma akwai wurin da ya matso kusa da mu fiye da yadda ya sani. A You Must Be Kidding na 1979, Carroll ta ɗauki kwalbar giyar mijinta ta kai wa wata tsohuwa mai duba, Mehitabel Bessinger, don ta gano mai kisa. Lepski ya yi ta bambami yana cewa shirme ne, amma alamun da tsohuwar ta bayar suka zo daidai. Babu wanda ya karanta wannan a Tarauni ya ga baƙon abu a ciki.

Game da salo, Turancinsa mai sauƙi ne: gajerun jimloli, zance mai yawa, siffantawa kaɗan. Malamanmu sukan ƙwace littattafan in sun kama mu da su, amma da yawa daga cikinmu a nan muka sami saurin karatu da ba mu samu a littattafan manhaja ba. Yana da kuma dabarar mai ba da labari a cikin labari. Al Barney, wani ƙaton mashayi da ke zaman bakin teku, shi ne ke warware labarin An Ear to the Ground na 1968, kuma ba ya ci gaba sai an sake cika masa kofi. Duk wanda ya taɓa zama gaban maroƙi ya san wannan ciniki.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Matan da ke cikin littattafansa kusan duk tarko ne ko kaya. Baƙaƙen fata kuwa bayi ne ko 'yan daba, kuma kalmomin da yake kiran su da su sukan yi wa mai karatu ɗan Afirka ɗaci, ko da yake a lokacin ƙuruciya mukan haɗiye mu wuce. Littattafan ƙarshe sun yi rauni, barkwancin gidan Lepski ya fara maimaita kansa. Duk da haka Try This One for Size na 1980, inda ɓarayi suka ɓoye wani tsohon hoton coci na Rasha a cikin akwatin kwalliyar Carroll, da nufin ɗan sanda da kansa ya tsallakar musu da shi zuwa Turai, yana cikin waɗanda nake komawa gare su.

Tambayar da ta fi damuna a matsayin ɗalibin adabin Hausa ita ce: me ya sa duk wannan karatu bai haifar mana da namu Lepski ba? Sauran harsunan Afirka sun yi nasu. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya ƙago Bwana Msa da harshen Suwahili, daga Mzimu wa Watu wa Kale a 1960 har zuwa Kosa la Bwana Msa a 1984. A ƙasar Yarbawa, Kola Akinlade ya yi ta dawo da mai bincikensa Akin Olusina littafi bayan littafi, Oladejo Okediji kuma ya yi Lapade. Mu ma muna da labaran laifi masu ƙarfi. Gasar da Hukumar Al'adu ta Tarayya ta shirya ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a kan Mailoma da rundunarsa, duka a 1982. Amma a cikinsu mai laifi ne ke riƙe da labari, kuma ba su zama jerin da mai bincike guda yake dawowa ba.

Dalilai biyu nake hange. Na farko ya shafi matsayin ɗan sanda a idon jama'a. Labarin bincike yana tsayawa ne a kan yardar mai karatu cewa in an kai ƙara za a bi sawu a gano gaskiya. Bahaushen da ya san ɗan doka na zamanin En'e, ya kuma san abin da ya biyo baya, ba nan ya ajiye yardarsa ba. In an yi masa sata, mai unguwa yake fara nema, ko malami, ko a kai ga rantsuwa. Da wuya marubuci ya ɗauki mai kaki ya ce wa irin wannan mai karatu ga gwarzonka.

Na biyu ya shafi kasuwa. Jeri yana buƙatar kamfanin da zai riƙe marubuci shekara da shekaru. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, hankalinsa ya fi karkata ga littattafan makaranta. Jerin Pacesetters na Macmillan, wanda ya fara a 1977 kuma ɗan Kano Mohammed Sule ya shiga da The Undesirable Element, da Turanci yake. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, littattafan waje suka yi tsada, su Chase suka ja baya daga teburan masu sayarwa. Gurbin da suka bari adabin kasuwar Kano ne ya cike shi, marubuta suna buga abinsu da kuɗinsu, kuma jigon da ya fi saurin mai da jari shi ne soyayya da zaman aure. Can ma ana yin littafi na ɗaya da na biyu da na uku, amma labari guda ne aka yanyanka, ba tauraro guda ba ne yake fuskantar sabuwar matsala kowane karo.

Kayan aikin kuwa suna nan a ƙasa. Mai binciken Hausa ba lalle ne ya sa kaki ba. Yana iya zama tsohon muhuti na kotu da ya yi ritaya, ko dillali a kasuwar Tarauni wanda ya san inda kowane kayan sata yake kwana, ko ungozoma da ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Wannan ta ƙarshe ta fi jan hankalina, domin tsarin gidan Bahaushe da kansa, daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, ya raba sani gida biyu, kuma babu mai bincike namiji da zai ga rabin abin da ya faru. Matsala ce da Lepski bai taɓa fuskanta ba, shi da yake banke ƙofa ya shiga har ɗakin kwana da takalminsa.