Cutar da Ake Kwasowa a Gadon Asibiti

Cikin kowane mutum uku da ke shigowa ɗakin majinyata dubiya da yamma, riƙe da kular abinci da ledar lemo, kusan ɗaya na ɗauke da wata ƙwayar cuta a cikin hancinsa. Bai sani ba, ko atishawa ba ta taɓa sa shi ba. Sunanta Staphylococcus aureus, likitoci kan gajarce su ce staf. Ita ce ke kawo maruru da ƙuraje masu mugunya. Muddin fata na nan garau, lafiya lau ake zaune da ita. Rigima tana tashi ne ranar da aka huda fatar, kuma babu inda ake huda fata kamar asibiti: tsagar tiyata, allurar ƙarin ruwa, bututun wankin ƙoda, ƙarfen da ake sa wa wanda ya karye, ga masu ƙuna, ga cibiyar jariri ɗanya shar.

Ɗauki allurar ƙarin ruwa, wannan 'yar robar da ake bari a bayan hannu. An gama ƙarin ruwan tun shekaranjiya, amma ba a cire ta ba, wai ko za a sake buƙata. Filasta ta yi baƙi ta fara ɗagowa, majinyaci ya shiga bayi da ita, ya ci tuwo da ita. Sai wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, jijiyar ta yi tauri. Idan ƙwayar ta bi robar ta faɗa cikin jini, daga nan tana iya sauka ko'ina, a ƙashi, a huhu, ko a cikin zuciya. Mutumin da aka kwantar saboda gudawa sai a wayi gari yana rawar ɗari, zazzaɓi ya ƙi sauka. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Wani likitan fiɗa a Aberdeen ta Sikotland, Alexander Ogston, shi ya fara ganin ƙwayar staf a cikin mugunya a 1880. Kuma a kan farantin da Alexander Fleming ke renon wannan ƙwaya a Landan aka gano penisilin a 1928. Da maganin ya wadatu a shekarun 1940, an ɗauka an gama da staf. Ashe da sauran rina a kaba. Kafin ƙarshen 1948 wata likita mai suna Mary Barber ta nuna cewa a asibitin Hammersmith sama da rabin staf ɗin da ake samu a jikin majinyata ba ya jin penisilin, domin ƙwayar tana fitar da wani sinadari da ke lalata maganin kafin ya taɓa ta. Sai aka ƙera metisilin, wanda wannan sinadari ba ya iya ci, aka fara aiki da shi wajen 1960. A 1961 Patricia Jevons, a wani ɗakin gwaje-gwaje na Landan, ta ba da rahoton staf da shi ma ba ya ji. Wannan nau'in ake kira MRSA.

Dabarar da ya yi a wannan karo ta fi ta farko muni. Penisilin da danginsa suna kashe ƙwaya ne ta hanyar kama wani furotin da take gina katangar jikinta da shi. MRSA ya samu wata ƙwayar hali, mecA, da ke ƙera masa wani furotin na daban wanda maganin ba ya iya kamawa. Kamar maigida ne ya canza kwaɗon ƙofa, duk mabuɗan da ke hannun mutane suka zama ƙarfen banza a rana ɗaya. Shi ya sa ba metisilin kaɗai abin ya shafa ba, wanda ma an daina amfani da shi tuni. Ampiclox da amoksisilin da Augmentin, har da allurar seftiriyazon da ake taƙama da ita, duk ba sa taɓa shi. (Masu bincike sun bayyana a 2022 cewa wani reshe na MRSA ya samo asali ne a jikin bushiyoyin Turai kimanin shekara 200 da suka wuce, tun ba a san penisilin ba. Wato ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba, amma yawan shan maganinmu ne ya share mata fili.)

Akwai magungunan da suka rage. Babba a cikinsu bankomaisin ne, tsohon magani tun na 1958, wanda sai ta jijiya ake ba da shi a hankali, ana lura da ƙoda, ga tsada. Shi ma an ga staf da ya rage jin sa a Japan a 1996, sannan wanda ya bijire masa gaba ɗaya a jihar Michigan ta Amurka a 2002. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin mutuwar mai MRSA ya fi na mai staf ɗin da ke jin magani da kashi 64 cikin 100. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ɗora wa MRSA shi kaɗai mutuwar sama da mutum 100,000 a 2019, cikin mutum miliyan 1.27 da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe a shekarar. Yankin da abin ya fi ƙamari in aka auna da yawan jama'a, shi ne namu, Afirka ta Yamma.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin wannan cuta shi ne, inda duk aka karya lagonta, ba da sabon magani aka karya shi ba. A asibitin jami'ar Janiba ta Suwizalan, Didier Pittet da abokan aikinsa sun tarar a 1994 cewa ma'aikata na tsabtace hannu ne a kashi 48 cikin 100 na lokutan da ya kamata. Ba ƙazanta ba ce: nas ɗin da ke ɗakin masu tsananin ciwo, in za ta je famfo duk sanda ta taɓa majinyaci, aiki ba zai yiwu ba. Sai suka raba kwalaben sinadarin goge hannu, a gefen gado da cikin aljihu. Zuwa 1997 adadin ya kai kashi 66, yaɗuwar MRSA kuma ta ragu da fiye da rabi. Ingila ta bi sahu bayan da abin ya zama abin kunya a jaridu. An tilasta wa asibitoci bayyana alƙalumansu daga 2001, aka ƙirga kimanin mutum 7,700 da MRSA ya shiga jininsu a shekarar 2003 zuwa 2004. Aka matsa kan tsabtar hannu, da gwada hancin wanda za a kwantar, da keɓe mai ɗauke da ƙwayar, da cire allura da zarar aikinta ya ƙare, har aka hana likitoci dogon hannun riga da agogo. Shekara goma bayan haka adadin ya sauko ƙasa da 1,000.

To, a Ingila hannun ma'aikata ake tsaro. A wurinmu hannuwan sun fi haka yawa, domin rabin aikin jinya dangi ke yi. Mai jinya ce ke juya mara lafiya, ta zubar da fo, ta wanke zani, ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gado. Tausayi kuma ba ya barin ta ta ga maƙwabciyar gado tana fama ba ta kama mata ba. 'Yan dubiya su cika ɗaki, a gaisa hannu da hannu, a zauna bakin gado, wata gwaggo ta ɗaga bandejin mai tiyatar haihuwa ta ga ko ɗinki ya kama. Ba na cikin masu cewa a hana dubiya. Hakkin zumunci ne, kuma majinyaci na samun ƙarfin gwiwa da ita. Amma ƙwayar nan tana rayuwa kwanaki, har makonni, a ƙarfen gado da zanin gado da wayar salula. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa mara lafiya da bayan an taɓa shi, a bar miki a rufe, mai maruru kuma ya yi gaisuwarsa ta waya. Haka nan ba rashin kunya ba ne mai jinya ta ce, "Sista, don Allah allurar nan ta Baba kwananta huɗu, ga wurin ya yi ja, ko za a duba?" Nasu hakkin hukumomin asibiti ya fi girma, domin ba a yi wa nas wa'azin wanke hannu a ɗakin da famfonsa ya shekara ba ya kawo ruwa.

Sai batun kemis. Kafso biyu na Ampiclox don mura, ɗigon maganin a bakin jariri ranar da aka haife shi wai don wanke ciki, ragowar maganin wani a ba wani: kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana kashe ƙwayoyin da ke jin magani ya bar wa masu taurin kai wuri. Najeriya ta fitar da tsarinta na ƙasa kan wannan matsala tun 2017 ta hannun hukumar NCDC, amma har yau ana sayen antibayotik kamar gyaɗa. Ga kuma masu lasifika a bakin kasuwa da suka mai da "stafilokokus" sunan kowane irin ciwon sanyi, har da rashin haihuwa. Tunda ƙwayar a fatar lafiyayyu take zaune, sau da yawa ganin ta a takardar gwajin fitsari alama ce kawai ta cewa samfurin ya gurɓata wajen ɗauka. Mace ta yi wata da watanni tana shan magani kan cutar da ba ta da ita.

Inda ake buƙatar gwajin na gaskiya kuwa, can ake tsallake shi. Idan miki ya fara ruwa, daidai shi ne a ɗebi mugunyar ko jini kafin a fara magani, a rena ƙwayar, a ga wane magani ke kashe ta. Kwana biyu zuwa uku yake ɗauka, kuma ya fi sauƙin kuɗi a kan canza allura sau uku bisa kame-kame. Wani lokaci ma maganin da zai yi aiki mai araha ne, irin su Septrin ko dokisisaikilin, ko kuma abin da ake buƙata kawai a tsaga ƙurjin a fitar da mugunya.

Ciwon tiyata yakan bayyana ne bayan an sallami mutum, daga 'yan kwanaki har zuwa wata guda, in an sa ƙarfe ma ya fi haka. Ɗinkin da ya yi ja ya kumbura, ko ya fara zubar da ruwa, ko zafinsa ke ƙaruwa maimakon raguwa, musamman in da zazzaɓi, ba na gashi da ruwan zafi ba ne, ba kuma na barbaɗa garin kafso ba. A koma asibitin da aka yi aikin a ranar, a tafi da katin sallama da kwalayen duk magungunan da aka sha.