Wa Ke Biyan Maigadin Makaranta?

Ni ɗan Faskari ne, kuma ban manta daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara zuwa daji. Kwana shida bayan nan aka sako 344. A lokacin ni ma ɗan sakandare ne, na yi ta tambaya: ina masu gadi? Ban gane cewa tambayar ta kuɗi ce ba sai bara, da na yi wata huɗu ina SIWES a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma.

Ga yadda abin yake, 'yan uwa ɗalibai. Tsaron makaranta a rabe yake gida uku. 'Yan sanda, soja da Sibil Difens na Gwamnatin Tarayya ne, ciyaman ba shi da ikon ɗaukar ko kurtu ɗaya. Sakandare ta jiha ce, haka ma rundunar tsaron al'umma ta C-Watch da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma shi ne firamare, wadda tsarin mulki ya ce tana da hannu wajen samar da ita da kula da ita. To firamaren ce ta fi yawa, ita ce a ƙauyukan bakin daji a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kuma ita ce galibi ba katanga, ba ƙofa.

Kuɗin fa? A rabon asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 na da kashi 20.60 cikin ɗari. Shekara da shekaru kason ba ya zuwa hannunsu kai tsaye, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A nan ake fara cire albashin malaman firamare da sauran abubuwan da aka wajabta. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Hukunci dai ya yi kyau, amma ko da kuɗin ya iso cif, albashi ne zai fara cin rabonsa. Kuɗin shiga na cikin gida kuwa, harajin kasuwa da na tasha ne, kuma kun san yadda kasuwa take komawa idan hanya ba ta biyuwa. Wato inda aka fi buƙatar maigadi, nan ne aljihun ya fi zama wayam.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake tsara kasafin. Kowane sashe zai kawo buƙatunsa, a haɗa, ciyaman ya gabatar wa majalisar kansiloli su amince. Kasafin kashi biyu ne: manyan ayyuka da ayyukan yau da kullum. Katanga babban aiki ce. Akwai kwangila a ciki, akwai hoto, akwai yanka zare. Maigadi kuwa hidimar kowane wata ce, ba mai yi masa biki. A takardun da suka bi ta hannuna, na ga layin gyaran ajujuwa, na ga layin tsaro a dunƙule, amma layin da aka rubuta masu gadin makarantu ƙarara, wallahi ban ci karo da shi ba. Kuɗin da yake a dunƙule kuma, duk gobarar da ta fara tashi ita ke cinye shi. Shi ya sa za ka tarar da dattijo da gora da tocila yana gadin makaranta, alawus ɗinsa ya danganta da ƙoƙarin hedimasta da karo-karon iyaye.

Mu ɗan buga lissafi, tunda shi muke karanta. A ce ƙaramar hukuma na da firamare 100, kowace a ba ta masu gadi biyu, na rana da na dare, kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Naira miliyan 14 ke nan a wata, miliyan 168 a shekara, ban da kaki, waya da horo. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma ba abin da ya gagara ba ne idan an fara da makarantun da suka fi kusa da daji.

Kada wani ya ce maigadi zai tare mutum ɗari masu bindiga. Ba zai iya ba, ba kuma aikinsa ba ne. Aikinsa ya san baƙuwar fuska, ya ji ƙarar babura tun daga nesa, ya buga waya, a sallami yara kafin a iso. Minti goma a nan rai ne.

A sama ana maganar manyan kuɗi. A Disamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, na naira biliyan 144.8. Ni dai ƙanwata tana aji huɗu a garinmu, kuma maigadinsu bai taɓa jin labarin shirin ba.

Jiharmu na da mazaɓu 361, kowace da kansilanta. Idan na je gida hutun nan, tambaya uku zan kai wa namu: a wane layi na kasafin bana aka sa masu gadin firamare, nawa aka ware, kuma nawa aka saki zuwa yau?