Gadagi da Kuloba: Suna Ɗaya, Ciyawa Daban

Makiyaya a Gusau, Tsafe da Bunguɗu sun san gadagi. Dawaki da tumaki suna sonsa ƙwarai. Da Turanci ana kiransa "Alis kuloba".

Amma ainihin kuloba ta ƙasar Ingila daban take. Akwai fara, akwai ja. Launin furensu ne ya ba su suna. Ganyensu uku-uku ne, kuma sanyi suke so. Shi kuwa gadagi ganyensa ɗai-ɗai ne, kuma yana jure zafi.

Dukkansu dangin wake ne. Suna ƙara wa gona ƙarfi.

Saboda haka, duk wanda zai sayi iri mai sunan kuloba, ya fara tambayar malamin gona. Kada ya yi asarar kuɗi da damina.